Buganbiliya Ce Ke Riƙe Da Lambuna

Sana'ata rainon furanni da sayar da su a bakin titi, nan cikin Kano, ni da yaran da ke taya ni. Muna da iksora da 'yan furannin tukwane iri-iri, amma in za a faɗi gaskiya, buganbiliya ce ke biyan kuɗin ruwa da na yara. Ita ce kuke gani ta haye katangun gidaje a unguwar Nasarawa, ja ko fara ko ruwan hoda, ta zubo waje.

Ba 'yar ƙasar nan ba ce. Asalinta Kudancin Amurka, kuma a Burazil wasu Faransawa da suka zagaya duniya cikin jirgin ruwa tsakanin 1766 da 1769 suka same ta. Amma zafinmu ya karɓe ta ƙwarai. Abin nan mai launi da mutane ke kira fure, ganye ne siriri kamar takarda. Ainihin furen ɗan mitsitsi ne fari a tsakiya, sai ka sunkuya za ka gan shi.

Ba iri muke shukawa ba, reshe muke yanka. Mukan zaɓi wanda ya fara ƙwari, tsawon taƙi guda, mu zage ganyen ƙasa, mu soka shi a baƙar leda mai ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen kashin shanu. Sai a jera su a inuwar darbejiya. Kafin su yi saiwa ana cin wata ɗaya zuwa biyu, kuma ba duka ke kamawa ba. Ga ƙaya. Duk yaron da ya yi mako a wajena, hannunsa zai nuna.

Inda muke shan fama shi ne masu saye. Da hunturu suke zuwa, lokacin da take cika da launi, alhali dashe ya fi kamawa da farkon damina. Kuma da zarar an kai ta gida sai a hau ba ta ruwa safe da yamma, a zuba mata taki. Bayan 'yan watanni a dawo mini da ƙorafi: "Malam, abin da ka sayar mini ganye kawai yake yi." Nakan ce, "Hajiya, ki hana mai gadi shayar da ita. In ta kafu, sai ƙasa ta bushe ake ba ta ruwa, kuma a bar ta cikin rana." Wasu su ji, wasu su ɗauka wayon ɗan kasuwa ne. Haka wajen dashe: saiwarta ba ta son a taɓa ta, don haka da reza ake tsaga ledar, a sa ta rami da ƙasarta. Wanda ya fizgo ta, ya yi asarar kuɗinsa.

Ƙananan da ke cikin leda kuwa dole su sha kullum. A Maris da Afrilu, in rijiya ta ja baya, rabin cinikinmu wajen 'yan garuwa yake tafiya. Awaki ma ba su raga wa sabon toho, shi ya sa muka kewaye wurin da waya.

Aikin da ya fi kawo mana ɗan abin sawa a aljihu shi ne aski. In fure ya zube, mukan zagaya gidajen da muka yi wa dashe mu rage rassa, domin a sabon reshe take yin fure. Rassan da muka yanke kuma ba ma zubarwa, da su muke cika ledojin baɗi.