Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Akwatin Kaset

A makon jiya na yi alkawarin ba da labarin aurena da uwar yara, amma masu karatu su yi mini haƙuri, domin tun daren Talata akwatin nan ya tsaya mini a rai, kuma na san idan ban sauke shi ba babu abin da zan rubuta cikin natsuwa.

Akwatin ƙarfe ne shuɗi, wanda Inna ta saya mini a kasuwar Dole lokacin da zan tafi makarantar kwana, kuma a cikinsa na tara kaset fiye da ɗari biyu a tsawon shekarun da na yi ina gabatar da shirin kiɗan jita na daren Asabar a Damagaram. Ranar da na je unguwar Birni na durƙusa na shaida wa Kawu cewa na sami aiki a gidan rediyo, kuma kiɗa zan riƙa sanyawa, bai ɗaga kansa daga littafin da yake dubawa ba. Abin da ya ce kawai shi ne: "Mai bin makaɗi a ƙofar gida yake cin tuwo." Duk wanda ya san gidanmu ya san nauyin wannan magana, domin tun daga kakanmu babu namijin da ya tashi a gidan ba tare da ya sauke Alƙur'ani ba, ni ma na sauke, kuma abin da ya ƙara wa Kawu ɓacin rai ke nan.

Kiɗan rok ya same ni ne ta hannun direbobin manyan motoci masu sauka daga Agadas, waɗanda suke kawo kaya daga Tamanrasset ta Aljeriya da Sabha ta Libiya. Da dala ɗari mutum yake sayen kaset da aka kwafa aka sake kwafa har muryar ta dushe, sau da yawa ko suna babu a jikinsa. A haka na fara jin Jimi Hendrix, bahagon nan na Amurka da ya rasu a Landan a 1970 yana da shekara 27, na kuma ji Mark Knopfler na ƙungiyar Dire Straits, wanda yake taɓa tsirkiya da yatsunsa kamar yadda mai gurumi yake yi. Daga baya ne na fahimci cewa samarin Abzinawa da fari ya kora Aljeriya da Libiya su ma waɗannan mutanen suke saurare. Ana kiransu ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi, kuma daga cikinsu Ibrahim Ag Alhabib ya haɗa ƙungiyar kiɗa ta Tinariwen a Tamanrasset a 1979. A ƙasarmu kuwa muryar Abdallah Oumbadougou ce ta cika Abzin lokacin tawayen Abzinawa na farko, sa'ar da mallakar kaset ɗinsa kaɗai take iya jefa mutum cikin wahala. Sai bayan sulhun 24 ga Afrilun 1995 na iya sanya shi a rediyo, kuma a daren da na fara yin haka hannuna yana rawa a kan maɓalli.

Aikina a shirin bai tsaya ga sanya kaset ba. Nakan tsayar da waƙa a tsakiya in yi wa masu sauraro bayani da Hausa cewa su kasa kunne, wannan kukan da jita take yi ɗan'uwan kukan goge ne, wannan bugun kuma tafiyar raƙumi ce. Nakan hau mota in tafi Agadas da kuɗin aljihuna, in kwana a wurin biki da ƙaramin rakodana, in ɗauki kiɗan samarin da babu wanda ya san sunansu a Yamai. A cikin waɗannan kaset ana jin ƙarar janareta da guɗar mata da muryar yaro yana tallan shayi. A wuraren bikin nan kuwa, gaskiyar Kawu, a ƙofar gida na ci tuwo, a kan tabarma ɗaya da makaɗa, kuma ban taɓa zama da mutanen da suka fi su karamci ba.

Na tuna a 2013 babban ɗana ya kawo mini wayarsa yana nuna mini cewa faifan Bombino, makaɗin jita ɗan Abzin, mai suna Nomad, wanda aka ɗauka a Nashville ta Amurka tare da mawaƙi Dan Auerbach, ya hau saman jerin kiɗan duniya na mujallar Billboard ta Amurka. Yaron yana murna, ni kuwa akwatin nake tunani. Amma na yi gaba da yawa.

A watan Fabrairun 2007 aka kai hari Iferouane, tawaye na biyu ya tashi, hukuma kuma ta koma kallon jita a matsayin alamar 'yan tawaye. A watan Satumba aka kama Moussa Kaka, wakilin Rediyon Faransa, wanda ya yi fiye da shekara guda a tsare, sai tsoro ya shiga kowane gidan rediyo a ƙasar. Mai gidana a wurin aiki, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda darajar 'ya'yansa, ya kira ni ofis ya ce an dakatar da shirina, kuma in bar akwatin a hannunsa ya ajiye mini har ƙura ta lafa. Ban yi masa musu ba, domin ni ma ina da iyali, kuma har yau ban ga laifinsa a kan tsoron da ya ji ba. Laifinsa shi ne amana. Da aka yi sulhu a 2009 na koma neman kayana, ya ce ruwa ya shiga ɗakin ajiya. Bayan wata biyu ya ce wani ma'aikaci ne ya kwashe. Daga ƙarshe ya ce bai tuna na taɓa ba shi wani akwati ba. Wannan mutumin ne na ji da kunnena a 2019, bayan da Bombino ya zama ɗan Nijar na farko da aka sanya cikin masu takarar lambar Grammy, yana bugun ƙirji a rediyo cewa gidan rediyonsa ne ya raini kiɗan Abzin tun ba a san shi ba.

Hendrix da Dire Straits ba su dame ni ba, domin yau kowane yaro yana samunsu a intanet. Abin da ya ƙona mini rai shi ne kaset ɗin biki, domin wasu daga cikin samarin da na ɗauka ba su tsira daga shekarun tawayen ba, kuma iyayensu ba su da ko muryarsu. Kiɗan kansa ya nemi wata hanya, ya koma cikin katin waya yana yawo daga hannu zuwa hannu, kamar yadda waƙoƙin da Mdou Moctar, wani makaɗin jita ɗan Nijar, ya ɗauka a Sakkwato a 2008 suka zagaya Sahara kafin Turawa su san da shi. Amma abin da aka ɗauka a kaset guda ɗaya tak ba shi da wata hanya.

Na je Agadas a Janairun 2010 na tsaya cikin taron da Bombino ya yi wasa a gindin hasumiyar babban masallaci bayan dawowarsa daga gudun hijira a Burkina Faso, kuma a tsakiyar murnar nan maganar Kawu ce ta faɗo mini. Ya rasu bai janye ta ba, Allah ya jiƙansa, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin halin gaya masa cewa tuwon ƙofar gidan bai taɓa zubar mini da mutunci ba, wanda ya ci amanata a kan kujerar ofis yake zaune.

Na san akwai mutanen Zango da Birni da suka riƙa naɗar shirin daren Asabar a rakodansu na gida. Duk wanda yake da ko kaset ɗaya daga wancan lokaci, ko da ya dushe, ina roƙonsa don Allah ya aiko mini da saƙo ta hannun yaran gidanmu. Labarin aure kuma sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.