Mai lamba 99 da igiyar auna taya

Ina shekarata ta uku a gareji wata mota ta dawo mana sau biyu cikin mako guda. Ƙaramar motar haya ce, mai ita dattijo ne da ke jigilar fasinja tsakanin gari da ƙauyuka. Kukansa ɗaya ne: da ya sassauta hannu a kan sitiyari sai motar ta riƙa janyewa hagu. Ni aka ba aikin. Na duba alaimen, na ɗaure abin da ya kwance, na daidaita iskar tayoyi, na miƙa masa makulli. Bayan kwana biyu sai ga shi. Na sake bin komai daga farko, ya tafi, ya sake dawowa. Wannan karon bai ko dube ni ba, wurin maigida ya nufa ya ce, "Malam, yaron nan naka bai gano ciwon motar nan ba." Maigida bai yi mini faɗa a gabansa ba. Ya dai ce dattijon ya bar ta ta kwana, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Taka ce. Kada ka kira ni sai ka san abin da ke damunta."

A lokacin ina zuwa ajin yamma na kanikanci, kuma malaminmu ya ba mu aikin gida a kan yadda nauyin mota yake komawa gefe guda in ta sha kwana. Wajen neman bayani a waya na faɗa kan bidiyon wani irin tseren motoci na Amurka da ban taɓa sanin akwai shi ba. Ba manyan filayen da ake nunawa a talabijin ba ne. Ƙananan filaye ne masu siffar ƙwai a bayan ƙauyuka, wasu zagayensu rabin mil, wasu ma rubu'in mil, wato wajen mita 400. Motocin suna da kamannin motar gida daga waje, amma ciki ƙarafa ne aka yi wa walda da hannu. Kullum hagu suke juyawa. A filin Slinger da ke jihar Wisconsin motocin yanzu kan kammala zagaye cikin daƙiƙa 11 zuwa 12, ƙofa na gogar ƙofa, ba wurin da mutum zai huta. Duk inda na karanta labarin irin wannan tsere sai in ci karo da suna guda: Dick Trickle, direban mota mai lamba 99.

An haife shi a shekarar 1941 a Wisconsin Rapids, ya tashi a ƙauyen Rudolph da ke kusa. Mahaifinsa maƙeri ne, rashin lafiya ta kwantar da shi a asibiti tun yaron yana ƙarami, gidan ya shiga talauci. Yana ɗan shekara 8 ya faɗo daga wani gini da ba a kammala ba ya karye a ƙugu, ya shafe kusan shekara uku a ɗaure, kuma har ƙarshen rayuwarsa yana ɗan ɗingishi. A cikin ƙira da walda ya girma. Motar tserensa ta farko tsohuwar Ford ce ƙirar 1950 da ya saya da kuɗin da ya tara daga ƙwadago. Daga nan bai tsaya ba. An ƙiyasta ya ci babban tseren dare fiye da sau 1,200 a irin waɗannan ƙananan filaye, kuma a shekarar 1972 kaɗai ya ci 67.

Wannan adadi na 67 shi ya fara tsayar da ni, domin Wisconsin ƙasar sanyi ce, dusar ƙanƙara na rufe filayen watanni da dama. Tseren na lokacin zafi ne kawai. To ta yaya mutum zai ci 67 cikin 'yan watanni? Amsar ita ce kowane fili da darensa. Yau ana Wausau, gobe wani gari, jibi La Crosse ko Wisconsin Dells ko Kaukauna. Direba kan yi tsere kusan kowane dare na mako, ya ɗora motar a tirela bayan an tashi, ya yi tafiyar dare, gari na wayewa ya shiga ƙarƙashinta. Ba wani kamfani da ke biyansa albashi a farkon lamarin. Abin da ya ci a daren jiya da shi zai sayi taya da mai na daren yau. In ya yi ganganci ya farfasa motar a kwanar farko, ya yi asarar ladan wannan dare, ya kuma yi asarar na gobe. Saboda haka dole ya zama mai gudu kuma mai tattali lokaci guda, dole kuma ya san motarsa kamar yunwar cikinsa, domin shi ya ƙera ta, shi zai tuƙa ta, shi zai gyara ta.

A daren da motar dattijon ta kwana a garejinmu ina karanta yadda waɗannan mutane suke saita mota, sai na zo kan wani abu. Tun da hagu kawai ake juyawa, da gangan suke sa tayar dama, musamman ta baya, ta ɗan fi ta hagu girman kewaye. Dalilin mai sauƙi ne. Ka kwantar da kofin roba mai faɗin baki da tsukakken gindi a ƙasa ka tura shi, ba zai tafi miƙe ba, zai yi ta kewaya ta gefen tsukakken. Haka mota take. Kuma ba sa yarda da lambar da aka rubuta a jikin taya. Tayoyi biyu masu lamba ɗaya kan bambanta, don haka tef suke sa wa kowace su auna kewayenta, kafin tsere da bayansa, saboda zafi na buɗa ta. Suna kuma auna zafin taya a wuri uku, gefen ciki da tsakiya da gefen waje, domin su gane wane ɓangare ne yake cin ƙasa fiye da kima. Suna ɗora motar a kan sikeli huɗu su san nauyin da ke kan kowace ƙafa, sannan su murɗa sifirin su mayar da nauyi daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Da asuba na riga kowa zuwa gareji. Na ɗaga gaban motar da jak, na samo igiya, na naɗa wa tayar dama na yi alama, na kai wa ta hagu. Igiyar ta zarce da kusan faɗin yatsu biyu. Dukkansu 'yan Beljiyam ne, lambar jikinsu ɗaya, amma kamfani daban, kuma ta hagun ta fi cinyewa. Na musanya su, na fita da motar, sai ta koma janyewa dama. Na dawo jikina na rawa na faɗa wa maigida. Bai ce komai ba sai da ya karɓi igiyar ya auna da kansa. Sannan ya ce, "To, je ka faɗa wa Baba ya sayi tayoyi biyu iri ɗaya. Kuma ka ba shi haƙuri, ka ɓata masa kwana biyu na nema." Na je na ba shi haƙuri. Har yau shi ne darasin da ya fi zama mini: sau biyu ina gyara abin da na saba gyarawa, ban tsaya na auna abin da ke gabana ba.

Abu na biyu ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi. Direbobin ƙananan filaye suna da yarensu na bayyana ciwon mota. Ko dai gabanta ya ƙi shan kwana yana turawa waje wajen bango, ko bayanta ya riƙa zamewa yana neman wuce gaba. Kuma ba su tsaya nan ba, sai sun faɗi a ina: wajen shiga kwana ne lokacin taka birki, ko a tsakiyarta, ko wajen fita lokacin da aka ba ta wuta. Kowanne da maganinsa daban. Trickle ya yi fice ne domin wanda yake jin ciwon a kujera shi ne mai riƙe da sifana. Ni kuwa a da in direba ya fara bayani sai in ƙosa, in ɗauka na fi shi sanin mota. Alhali shi ne yake zaune a cikinta awa goma kullum. Yanzu sai na zaunar da mutum na tambaye shi: ƙarar tana zuwa da safe ne ko in inji ya yi zafi? Da lodi ko babu? A kwalta ko a gargada? In ya yarda ma sai mu fita tare shi yana tuƙi ni ina saurare. Rabin aikin yakan ƙare kafin in buɗe bonet.

Akwai kuma wani ɓangare na labarinsa da ya taɓa ni ta inda ban zata ba. A Amurka babbar gasar irin waɗannan motoci ita ce ta NASCAR, can ne kuɗi da suna suke. Matasan da suka yi gogayya da Trickle a ƙananan filaye da gasar ASA (wata gasar irin waɗannan motoci da ba ta kai NASCAR girma ba), irin su Rusty Wallace da Mark Martin da Alan Kulwicki, sun haura can sun yi suna. Wallace ya ɗauki kambun babbar gasar a 1989, kuma ya sha faɗin irin abin da ya koya a wurin Trickle. Kulwicki, ɗan Wisconsin mai digirin injiniya, ya ɗauka a 1992 da motar da shi ne mai ita. Shi kuwa Trickle ya ci kambun ASA a 1984 da 1985, amma bai shiga babbar gasar gadan-gadan ba sai 1989. A wannan shekara aka ba shi lambar gwarzon sabbin shiga yana da shekara 48, yana da jikoki. Ya yi tsere 303 a wannan mataki, bai taɓa cin ko ɗaya mai maki ba, mafi kyawun sakamakonsa na uku ne. A gasar da ke bi mata ya ci sau biyu, a Hickory a 1997 da Darlington a 1998, na biyun yana da shekara 56.

Wanda ya dubi wannan lissafi kawai zai ce ai mutumin bai kai ba. Ni ban yarda ba. A babbar gasa mota da kuɗin ƙungiya suna yanke rabin hukunci, kuma shi ya iso ne a shekarun da wasu ke ajiye tuƙi, mafi yawan lokaci a motocin da ba su ne na gaba ba. Inda aka bar mutum da hannunsa da kunnensa da motar da ya haɗa, an ga abin da ya yi. Na faɗi haka ne domin a lokacin ni ma raina yana wani wuri. Abokan karatuna biyu sun sami aiki a manyan wuraren gyara masu kwamfuta da rigar aiki mai tambari, ni kuwa ina canza baƙin mai da fulogi da takalmin birki a ƙarƙashin rumfar kwano, ina ganin kamar rayuwa ta wuce ta bar ni. Ina yin ƙananan ayyukan da rabin zuciya, ina jiran babban aiki. Motar dattijon ma ai ƙaramin aiki na ɗauke ta, shi ya sa ta kunyata ni. Da na lissafa motocin da ke ratsa hannuna a mako sai na ga ashe nawa tseren na kowane dare ke nan. Na sayi ƙaramin littafi na fara rubuta kowace mota: abin da mai ita ya ce, abin da na zata, abin da na tarar. Shafukan farko cike suke da wuraren da zatona ya saɓa wa gaskiya. Yanzu ina kan littafi na biyar.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ka nemi sunansa a intanet, abin da zai fara fito maka shi ne bidiyonsa yana kunna sigari a cikin mota lokacin da aka sassauta tsere, da labarin ramin da ya huda a hular kwanonsa domin haka. Gaskiya ne ya yi, kuma ba abin koyi ba ne. Amma mutum ya yi shekara fiye da 40 yana sana'a da irin wannan ƙwarewa, a ce abin da za a riƙa tuna shi da shi ke nan, bai yi mini daɗi ba. Ƙarshensa ma mai ban tausayi ne. Ya yi fama da wani ciwo mai tsanani da likitoci suka kasa gano kansa, kuma a watan Mayu na 2013 ya kashe kansa a jihar Carolina ta Arewa yana da shekara 71. Da na karanta wannan na daɗe ban ce komai ba. Mutanen yankinsu dai ba su manta da shi ba. An gina masa wurin tunawa a Rudolph, kuma a bikin tseren da ake yi duk watan Oktoba a La Crosse akwai tsere mai zagaye 99 da aka sa wa sunansa, an raba shi kashi uku, 33 kowanne.

Bara maigida ya ba ni yara biyu in koya musu. Makon da ya wuce wata mota ta zo tana janyewa dama, ƙaramin cikinsu ya ruga zai ɗauko sifana. Na ce masa ya dakata, ya fara zuwa ya gaida mai motar ya tambaye shi yaushe abin ya fara, kuma ko ya canza taya kwanan nan. Ya je ya dawo ya ce, "Oga, ya ce sati biyu ke nan da ya sa guda ɗaya a gaba." Na nuna masa ƙusar da igiyar take rataye.