Rakiyar tumatir daga Kura zuwa Mile 12

A Kura muka yi lodi, kwando bisa kwando a bayan DAF, ni a gaba tsakanin direba da yaron mota. Karon farko ke nan da Kawu ya yarda in rako kaya Ikko. Zariya da Kaduna a barci na wuce su. Gaba da Mokwa taya ta fashe, muka yini a bakin titi rana tana dukan tamfol. Da muka haye gadar Jebba iska ta yi nauyi, kafin Ogbomosho riga ta manne mini a baya. Direba ya ja hanci ya ce, "Kaya sun fara magana." Ni ma na ji tsamin.

Da asubar kwana na uku muka shiga kasuwar Mile 12. 'Yan dako na saukewa, kwandunan ƙasa na tsiyaya. Kawu bai ce uffan ba, ya sa aka ware fasassun gefe, waɗanda Yarbawa ke kira esha, masu abincin sayarwa na jiransu da araha. Wasu har sun yi farin gashi kamar auduga, da ɗigo-ɗigon baƙi a kai.

'Yar Kawu, taubashiyata da ke karatun ƙananan halittu a jami'ar da ke Akoka, ta kawo masa abin kari. Ta ɗauki guda ta kai mini hanci.

"Ɗan ƙauye, baƙi ka yi wa rakiya kyauta. Sunan wannan Rhizopus."

Na ce funfuna ce kawai, sai ta sa mata sunan Bature. Ta ja benci ta zauna. Ta ce sheƙin da nake gani a fatar tumatir wani shafi ne mai kama da kaki, ana ce masa kutin, shi ke hana ruwa fita, ya hana cuta shiga. A ƙarƙashinsa kowace ƙwayar halitta da katangarta ta selulos, sai fektin da ke liƙa su kamar yadda siminti ke riƙe bulo. Funfuna kuwa ba baki ba haƙori. Siraran zaruruwa take miƙawa, ta zubo sinadaran narkarwa a waje, su daddatsa katangar ta koma sukari, sannan ta tsotse. Wato a kwano take narkar da tuwonta kafin ta ci. Wasu suna da sinadarin da ke yanka kutin ɗin kansa. Wannan tamu ba ta wahalar da kanta, rauni take jira: tsinken kwando, ko matsin kayan sama. Da ta shiga ta narkar da fektin, sai tumatir ya saki jiki. Ruwan da ke bin ƙafata ke nan, ga zafi da laimar Ikko suna taya ta aiki.

Ta nuna mini baƙin garin da ke tsakanin ɓawon albasar maƙwabcinmu, ta ce wata dangin ce, Aspergillus. Doya da dankali kuwa, in ji ta, suberin ne garkuwarsu, har sukan toshe yankan da aka yi musu in an bar su sun sha iska.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ƙafar bencin ce. Ta yi fari, ta yi laushi kamar soso, ga 'yan naman kaza sun leƙo. Taubashiyata ta ce katako yana da lignin, sinadarin da ke sa shi tauri, wanda ba a jere yake kamar sarƙa ba balle a bi shi gaɓa-gaɓa, funfunar farin ruɓa irin wannan ce ta fi iya farfasa shi da taimakon iskar oksijin, don ta kai ga selulos ɗin da ya lulluɓe. Aikin da aka gama wa tumatir a kwana biyu, benci ya ɗau shekaru.

Na ce, "Kawu, to mu koma akwatin roba mana, tunda kwando ke huda su."

Ya ɗago daga lissafi ya dube ni. "Kwando a nan ake barinsa. Akwati kuwa sai an biya mota ta mayar da shi Kano ba komai a ciki. Kai za ka biya?"

Taubashiya ta tuntsire da dariya. Na ɗauki jakata, na tambayi inda ake shiga motar Agege.