Ƙanena ba girman kai ne da shi ba

Jiya wajen ɗaurin aure a ƙauyenmu kusa da Ringim, ƙanena ya zame ya koma gindin darbejiya shi kaɗai. Baba ya ce, "Yaron nan miskilanci ya yi masa yawa." Abin ya tsaya mini a rai, don ni ma na sha faɗa masa haka.

Tun 1921 masanin halayyar ɗan Adam, Carl Jung, ya bambanta hali biyu: mai fuskantar waje, wanda jama'a ke ƙara wa kuzari, da mai komawa cikin ransa, wanda hayaniya ke gajiyarwa. Ƙanena na biyun ne, wallahi, ba raini ba ne.

Na je na zauna kusa da shi, ban ce uffan ba. Can sai ya fara ba ni labarin gyaɗar da ya shuka bana.