Na'urar da ba ta son kishiya

Duk wanda ya zauna a Legas ya saba da ajiye na biyu. Layin waya biyu, inbata a ɗaki, janareta a tsakar gida don ranar da inbata ta gaza. Da wannan ɗabi'a na shiga harkar tantance ma'amala a sarƙar Ethereum, wato kundin intanet da ke ajiye ma'amalolin kuɗin ETH, kuma ita ce ta kayar da ni.

Sana'ata gyaran kwamfuta ce a Computer Village da ke Ikeja, gidana kuma Agege. Yayana, wanda ke fataucin albasa a Mile 12, ya ji labarin cewa tun 15 ga Satumba 2022 aka daina haƙar Ethereum da manyan injuna, yanzu jingina ETH 32 ake yi, na'urarka ta riƙa sa hannu kan abin da ya gudana, a riƙa ba ka ɗan lada. Ya ce shi da abokansa za su iya haɗa kuɗin, in ni zan iya riƙe na'urar. Na ce, "Yaya, ka bari in fara gwadawa da kuɗin wasa." Sai na nufi Hoodi, sarƙar gwaji da aka buɗe a Maris 2025, inda ETH ɗin ba ya sayen ko ruwan leda.

Na haɗa ƙaramar kwamfuta mai RAM gigabait 32 da faifan NVMe na terabait 2. Manhajojin kuwa cikin Docker na zuba su, kowace da kwantenarta, kamar dai na Apapa: a rufe, a ɗauka, a sauke wani wuri ba tare da an taɓa kayan ciki ba. Geth a ɗaya, shi ke lissafin ma'amaloli. Lighthouse a ɗaya, shi ke bin sahun sarƙar. Ta uku ita ce mai riƙe makullin sa hannu. Biyun farko ta ƙofa 8551 suke magana, da wata kalmar sirri da dole dukansu su gani a fayil ɗaya. Na kwana biyu ina fama kafin na gane cewa kowace kwantena nata fayil daban take karantawa.

Saukar da sarƙar bai wahalar ba. Lighthouse ya kama daga wani zango na kusa cikin 'yan mintuna, Geth ya ci awanninsa. Abin da ya fi ba ni haushi abokan hulɗa ne, wato sauran kwamfutocin da ke kan sarƙar: na buɗe ƙofa 30303 da 9000 a na'urar intanet, amma shiru, ba mai shigowa daga waje. Ashe kamfanin da nake saye a wurinsa adireshi ɗaya yake raba wa gidaje da yawa. Sai da na sauya tsari na biya ƙarin kuɗi. Agogon kwamfutar ma sai da na ɗaure shi da chrony, manhajar daidaita lokaci, domin a wannan harka kowane daƙiƙa 12 gurbi ne, gurbi 32 kuma zagaye ɗaya, wato minti 6 da daƙiƙa 24, kuma a kowane zagaye ana jiran sa hannunka sau ɗaya.

Mako uku komai lafiya lau. Sai wata ranar Alhamis ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, aka ɗauke wuta tun la'asar. Batirin inbata ya kai tsakar dare ya ce ga garinku. Da safe ina shago ina duba waya, layin na'urata a shafin da ke nuna aikinta ja wur, zagaye bayan zagaye ba sa hannu. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Ina da kwafin makullin a filas, kwantena kuma ba ta da wuyar tayarwa, umarni ɗaya ne. Kafin azahar na tayar da wata a kwamfutar shago, layi ya koma kore, na ji kamar na yi dabara.

Abin da na manta shi ne, da hannuna na rubuta wa ta gida cewa in ta mutu ta tashi da kanta, kwamfutar ma na saita ta kunna da zarar wuta ta dawo. Da yamma aka kawo wuta a Agege. Makulli ɗaya, hannu biyu. Akwai wani ɗan littafi da manhajar ke ajiyewa na duk abin da ta taɓa sa wa hannu, don kada ta saɓa wa kanta, amma ta shago sabon littafi gare ta, fari fat, ba ta san abin da ta gida ke yi ba. Ba a jima ba suka ba da shaida biyu mabambanta a zagaye ɗaya. Sarƙar ba ta tambayar dalili. Aka yanke wani abu daga jinginar, aka kore ni, sauran kuɗin kuma sai bayan kusan kwana 36. Makullin da aka kora ba ya dawowa aiki har abada.

Da na zauna na yi lissafi sai kunya ta kama ni. Hasarar rashin sa hannu ba ta wuce kwatankwacin ladar da da na samu a wannan lokacin ba. Da na bar ta a kashe har wuta ta dawo, kwana ɗaya ko biyu na aiki ya isa ya cike gurbin.

Yanzu da sabon makulli nake. Littafin sa hannun da makullin suna zaune a wajen kwantena, a babban fayil da nake iya gani da idona, don in an rushe kwantenar su tsira. Na kunna tsarin da ke sa manhajar ta saurara zagaye biyu zuwa uku kafin ta fara aiki, ko za ta ji motsin tagwayenta a wani wuri. Filas ɗin na goge shi. Kalmomi 24 na asali, waɗanda daga su ake samar da makullin, suna kan takarda, ba su taɓa ganin kyamarar waya ba.

Da na ba Yaya labari a rumfarsa, ya daɗe yana juya wata albasa a hannu. Ya ce, "To da kuɗinmu ne fa?" Na ce da an taɓa su. Ya ce in ƙara wata shida a kan na wasan, kuɗin batiri na biyu kuma shi zai biya.