Takardar da na sa wa hannu ban karanta ba

Ranar da na kai autata naziri, watan Satumba na 2023, sun miƙo min fom an manne shi da wata takarda shafi uku mai ɗauke da dokokin makaranta, ni kuma hankalina duk yana kan kuɗin yunifom da na littattafai, ga Abbansu a waje yana ta danna min hon zai ajiye ni a sakatariyar Audu Bako kafin ya wuce Kantin Kwari, kawai na juya shafin ƙarshe na sa hannu na miƙa. Wajen lambar waya ma malamar da ke karɓar fom ce tace "Hajiya mu kwafo ta cikin fayil ɗin yayanta?" nace eh ku kwafa. Wannan fayil ɗin kuwa tun yaron yana aji ɗaya aka cike shi, layin da ke ciki na yar da shi tun lokacin da ake rububin haɗa layi da NIN, shi kuma Abbansu an sace masa waya a kasuwa bai yi welkam bak ba ya sayi sabon layi. Wato lamba biyu ne a fayil ɗin kuma babu mai shiga ko ɗaya.

Ba a yi wata guda ba yarinyar ta tashi da zazzaɓi wata ranar Litinin, ba mai zafi sosai ba, tana cewa wuyanta na ciwo, ta ƙi shan koko. Na ba ta farasitamol na sa mata yunifom. Gaskiya zan faɗa, ba ni da wanda zan bar wa ita, kuma a raina ina lissafin kuɗin tam da muka biya, ga shi makarantar suna ba da kyauta ƙarshen shekara ga yaron da bai taɓa fashi ba, yayanta ya taɓa ci har muka rataye takardar a falo. Talata ma haka, na ƙara mata magani na tura ta. Lokacin ana ta sanarwar mashaƙo a rediyo safe da yamma, ina ji, amma kin san yadda muke, kullum gani muke ciwon na 'ya'yan wasu ne a wata unguwa can.

Ranar Talatar da wajen sha ɗaya, bayan an dawo daga birek, antinsu ta ga ta kifa kai a benci miyau na zuba, ta taɓa wuyanta taji ya kumbura ta gefe. Suka ware ta zuwa ofis suka hau kiran waya, layi na farko a kashe, na biyu a kashe. Sama da awa ɗaya suna nema na. Daga ƙarshe Baba maigadi ne ya tuna cewa mai adaidaitan da ke ɗaukar su yana tsayawa a bakin masallacin Juma'a, aka tura yaro ya kira shi, a wajensa aka samu lambata. Har yau in na tuna muryar shugabar makarantar a waya gabana sai ya faɗi, tace "Hajiya duk abin da kike yi ki bar shi ki taho yanzu." Ban san yadda na fito daga ofis ba, na tari adaidaita na ɗauke shi shata, daga Gidan Murtala har muka miƙe titin BUK ina ta ce masa bawan Allah ka ƙara wuta.

Da na isa tana kwance a kan tabarma a ofis da takunkumi a fuskarta, numfashinta na wani irin ƙara. Shugabar ta haska mata maƙogwaro da fitilar waya tace in leƙa. Wani abu ne fari-fari mai toka-toka ya lulluɓe can ciki kamar an shimfiɗa tsumma. Bata yi min faɗa ba, tambaya ɗaya tayi, "tun yaushe take zazzaɓi?" nace tun jiya, ta yi shiru ta kalle ni, sannan tace kar ki biya kemis, kar ki biya gida, ki wuce Asibitin Murtala kai tsaye akwai sashen da aka ware domin wannan ciwon na mashaƙo.

A hanya na kira Hajiya, kakarsu, tace ai beli ne ya sauko a kai ta wajen wanzami ya cire, haka aka yi wa Abbansu yana yaro. Ina ganin girman Hajiya ƙwarai kuma ban taɓa musa mata magana ba, ranar dai nace Hajiya kiyi haƙuri mun riga mun kama hanyar asibiti. Daga baya likita ya gaya mana cewa wannan fatar da ke maƙogwaro manne take da nama, in aka ce za a kankare ta jini ne zai ɓalle, kuma ba ita kaɗai ce matsalar ba, ƙwayar cutar tana sakin wani dafi da ke bin jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi, shi yasa ake gaggawar yin allurar da ke kashe dafin kafin ya kama jiki, sannan a ɗora da maganin kashe ƙwayar. Duk kwanan da aka ƙara a gida dafin yana ƙara samun wuri ne.

Abu na farko da nas ta tambaya katin rigakafi. Abbansu ya koma gida ya tono shi a ƙasan akwati. Anan jikina ya ƙara sanyi. An haife ta watan Fabrairu 2020, an yi mata ta haihuwa, an yi mata ta sati shida, daga nan layukan duk fayau babu komai. Allurar da ake ce wa Penta, wadda rigakafin mashaƙo ke cikinta, sau uku ake yi, sati 6 da sati 10 da sati 14, ita ɗaya kawai ta samu, domin lokacin ta biyun ya faɗo daidai da kullen korona da aka yi a Kano a watan Afrilu, kowa na tsoron asibiti, da aka buɗe gari kuma na ce sai wani satin, sai wani satin, har na manta. Kuma wallahi a cikin waccan takardar da na sa wa hannu akwai layin da yace a kawo kwafin katin rigakafi kafin yaro ya fara zuwa, ni ban karanta ba, su ma basu matsa ba. Da an tsaya a kan wannan layin guda ɗaya tun a bakin ofis da an gano.

Kwana tara muka yi a asibiti. Ba zan iya ba da labarin abin da na gani a ɗakin nan duka ba, akwai uwar da muke raba ruwan zafi da ita ta fita ba da ɗanta ba. Allah Ya jiƙansa Ya ba ta haƙuri. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta sanar da ɓarkewar cutar tun farkon 2023, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu a duk ƙasar nan 'yan Kano ne, yawancinsu yara, yawancinsu kuma ba su kammala rigakafi ba. Da can ina jin wannan a matsayin labarai ne, a ɗakin nan na ga fuskokinsu.

Abin da ya fi tsaya min a rai kuma shi ne rajista. Ni da a ganina kiran suna da safe, "firezen sa, firezen ma", don a san wanda za a ba kyauta ne ko wanda za a daka. Washegarin kwantar da mu ma'aikatan lafiya suka je makarantar, abin da suka fara nema rajistar ajin ce, su waye suka zo Litinin da Talata, su waye ke benci ɗaya da ita, antin ta ƙara musu da wadda suka sha ruwa a gora ɗaya. Da wannan littafin aka bi yara gida-gida aka ba su magani aka yi wa waɗanda basu da rigakafi allura, har da 'yan adaidaitansu su shida da shi direban. Akwai yaro ɗaya da bai zo ranar Laraba ba kuma iyayensa basu kira sun faɗi dalili ba, aka yi ta nemansu hankali a tashe, ashe biki suka tafi Wudil. Cutar ta tari da atishawa take bi, kuma takan ɗauki kwana biyu zuwa biyar kafin ta nuna, to kin ga duk wanda ya zauna kusa da 'yata a kwana biyun nan ni ce na kai masa ita har benci. Alhamdulillahi babu wanda ya kwanta a cikinsu, amma na kira iyayen yarinyar da ke gefenta na ba su haƙuri da bakina, uwar tace "haba Maman yara, ai tsautsayi ne", ni dai na san akwai sakacina a ciki.

Bayan an sallame mu ba su karɓe ta ba sai da na kawo takardar likita cewa ta gama magani ba za ta shafa wa kowa ba, kuma sai da ta warware aka ci gaba da yi mata rigakafin da ta rasa, domin an ce mana kamuwa da ciwon ba ya wadatarwa. Ranar na roƙi a sake bani takardar dokokin nan, na zauna a benci a bakin ofis na karanta ta tas. Duk abin da ya same mu yana ciki. Yaro mai zazzaɓi ko amai ko gudawa ko ƙuraje ko jan ido ya zauna a gida. In yaro ba zai zo ba a kira kafin ƙarfe tara. In an canza lamba ko gida a sanar. Kar a saka wa yaro magani a jaka, a kawo ofis da sunansa da yadda ake sha. Akwai ma wajen rubuta ko yaro na da asma ko sikila ko abincin da baya jituwa da shi, na bar shi fayau alhali yayan nata in hunturu ya shigo da hazo sai da inhela.

Sai maganar ɗaukar yara, wadda a kanta ma mun taɓa samun saɓani da su. Wata rana ƙanena ya je ɗauko su Baba maigadi ya hana shi, yace babu sunansa babu kati, ya kira ni rai a ɓace wai shi da 'ya'yan yayarsa za a tsare shi a get kamar ɓarawo, ni ma lokacin na ji haushi har na yi magana a guruf ɗin iyaye na WhatsApp. Yanzu kam ina bayan Baba ɗari bisa ɗari. Duk ɗan Kano ya san yaran nan tara da aka sace a Kano aka kai su Onitsha, aka gano su a 2019, kuma babu wanda ya manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a Disambar 2021, wadda ba baƙo ne ya ɗauke ta ba, fuska ce da ta sani ta yarda da ita. Saboda haka "ai yaron ya san shi" ba hujja ba ce. Na rubuta mutum uku da hotunansu, ni da Abbansu da kawun nasu, mai adaidaita kuma na karɓi lambar jikin mashin ɗinsa na ba makaranta, na kuma gaya masa gaba da gaba, Malam in mashin ya lalace ka kira ni, kar ka turo abokinka ko da ɗan uwanka ne, yaran ma na gaya musu ba sa shiga sai sun ga fuskarsa.

A taron PTA na tam ɗin da ya biyo baya na miƙe na ba da labarin nan duka, muryata na rawa, sannan na roƙi abu biyu. Na farko a daina lissafa ranar ciwo cikin fashi wajen ba da kyautar nan, domin ba ni kaɗai ce ke ɗura wa yaro farasitamol ta tura shi saboda ita ba, da na faɗa iyaye mata da yawa sun sunkuyar da kai. Na biyu duk farkon tam a riƙa gwada lambobin iyaye ɗaya bayan ɗaya, kuma in an kira suna yaro baya nan ba a ji daga gida ba, makaranta ta kira kafin ƙarfe goma, don yaron da ya bar gida bakwai da rabi bai isa aji ba, in aka jira sai an tashi kafin a gane, awa shida ke nan babu wanda ya san inda yake. Wani uba yace wa zai biya kuɗin katin, aka ɗan yi ka-ce-na-ce, daga ƙarshe aka amince PTA ta riƙa sakawa. Ban ce komai ya gyaru ba, har yanzu banɗakin yara ba kullum ake samun sabulu ba kuma duk taro sai na tayar da maganar.

Maƙwabciyata 'ya'yanta na firamaren gwamnati, tace su ai ba a ba su wata takarda ba, kuma ajin ya cika maƙil malami ɗaya ba zai iya kiran kowa ba. Gaskiyarta ne, tun da aka ce ilimi kyauta kuma dole a 2019 yara suka ƙaru, ɗawainiyar ta yi wa malaman yawa. Abin da muka yi, na raka ta muka gaisa da malamin ajin suka yi musayar lamba, ta rubuta tata da ta mijinta a cikin bangon jakar kowane yaro da biro, muka kuma tambayi su waye 'yan kwamitin SBMC na makarantar, wato kwamitin iyaye da mutanen unguwa masu sa ido a kanta, ashe ɗaya daga ciki a layinmu yake. Da muka dawo nace ta ɗauko katunan rigakafinsu mu duba, na ƙaraminta ma akwai gibi, ta ƙyanda ta wata 15 ba a yi ba, ranar Alhamis muka je asibitin sha-ka-tafi na unguwa aka yi masa kyauta.

Autar tawa yanzu ta shiga firamare, lafiyarta ƙalau sai dai in ta yi tari da daddare har yau sai na tashi na haska mata maƙogwaro. Satin da ya wuce ta tashi da ɗumin jiki ranar da suke da tes ɗin lissafi, tana kuka ita sai ta je, na cire mata yunifom ɗin na kira antinsu bakwai da kwata nace yau ba za ta zo ba zazzaɓi take, zan kai ta a duba, tace Allah Ya sawwaƙe Hajiya za mu ajiye mata tes ɗin. Na kira ofis na nemi uzuri, na goya ta muka tafi a yi mata gwajin maleriya.