Asabar: an mayar da Sana murya a waya

Tun kafin azahar na gama wanki, na jiƙa wake, don yau na ƙudura sai na kalli fim ɗin Indiyan nan mai suna 2.0. Fim ɗin ya fito tun Nuwamban 2018, amma kullum sai in ce gobe. Wataƙila zuciyata ta san abin da take gudu. Ƙanwata ce ta zo da shi a wayarta, muka haɗa da talabijin, ko rabi ba mu kai ba aka ɗauke wuta. Haka muka ƙarasa shi kai da kai a kan 'yar wayar, fim ɗin da aka ɗauka don kallon 3D a babban allo. Abin dariya kuma, labarin gaba ɗaya na wayoyi ne da ke fizgewa daga hannun mutanen Chennai suna tashi sama.

Na farkon, Robot na 2010, a ɗakin Inna na kalle shi ina budurwa, kuma har yau ban manta Chitti ba. Mutum-mutumi ne da Dakta Vaseegaran ya ƙera, ya koya masa fushi da tausayi, sai ga shi ya faɗa son Sana, budurwar ubangidan nasa. Wannan shi ne gishirin fim ɗin. Ƙarfe ya kamu da ciwon da ba a ƙera masa magani ba. Na tuna daren da ya bi sauron da ya ciji Sana, ya kamo shi don ya ba ta haƙuri. Na tuna yadda kishi ya sa Vaseegaran ya sassare shi da gatari aka watsar a juji. A ƙarshe da Chitti yake kwakkwance sassan jikinsa da hannunsa, Inna ma da ke cewa kallon Indiya ɓata lokaci ne sai da ta ja bakin mayafi ta share ido.

To yau ina Sana? Aishwarya Rai, wadda ta fito a matsayinta a na farko, ba ta fito ba sam. Sai dai a ji muryar Sana a waya tana mita, a kashe, a ci gaba da harka. Macen da saboda ita aka kusa tashin gari! A madadinta darakta Shankar ya kawo Nila, wata mutum-mutumin da Amy Jackson ta fito a matsayinta, aka ce ita ke son Chitti. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ai yanzu ya samu daidai da shi, ƙwarya ta bi ƙwarya." Na ce mata nan fa gizo ke saƙar. Son da babu mai hanawa, babu kishiya, babu abin da za a rasa, me zan zauna in jira a cikinsa? Ta kalle shi, ya kalle ta, shi ke nan. Waƙar soyayyar tasu ma sai da fim ya ƙare, sunaye na hawa, aka sako ta, kamar wanda ya tuna da gishiri bayan an kwashe tuwo. A na farko kuwa har Machu Picchu ta ƙasar Peru aka je don waƙa ɗaya.

Kuɗi dai an zuba, ido ya shaida. Wayoyi sun taru sun zama ƙaton tsuntsu, an yi dambe a filin ƙwallo har na gaji na tashi na duba wake.

Wanda ya taɓa ni shi ne mugun, Akshay Kumar a matsayin Pakshi Rajan, tsoho masanin tsuntsaye. An haife shi ba ya numfashi, wani ɗan tsuntsu ya sauka a ƙirjinsa yana tsattsaga har ya farfaɗo. Ya girma yana ciyar da su, ya ga suna mutuwa, ya ɗora laifin a kan turakun sabis, ya yi ta yawon ofis-ofis ana korarsa, ƙarshe ya rataye kansa a jikin turken. Ban gamsu da kimiyyar tasu ba, wai fatalwarsa ce ke fizge wayoyin, har ana auna ta da na'ura, amma wajen nan ne kaɗai na ji wani yana son wani abu har cikin ransa. Da Rajinikanth, jarumin da ke fitowa a matsayin Chitti, ya dawo da jan Chitti, wato mugun samfurinsa, yana ƙyaƙyata dariya, ana barazanar murɗe wuyan tattabaru don tsohon ya saduda, wallahi bayan tsohon nake.

Bayan la'asar na ɗauki tsohon murfin tukunya na zuba ruwa, na ɗora a kan katanga, na watsa ɗan gero a gefe. Ƙanwata tana bakin ƙofa tana saka takalmi ta ce, "Yaya, fim ɗin da kika ce bai yi ba ne ya sa ki wannan?"

Na ce ta bar min cajata kafin ta tafi.